Amsa ga mai son ɗora gaban GSX-R a kan SV650

Wa alaikumus salam, ƙanina. Allah ya kiyaye gaba, tunda kai ka tashi lafiya to da sauƙi. Ka ce mashin ɗinka SV650 na 2005 ya faɗa rami a titin Ikorodu, ƙafafun gaba, wato shakazoba, sun lanƙwashe, kuma wani mai kaya a kasuwar Ladipo ya nuna maka shakazoba biyu na GSX-R600, irin na kife ɗin nan masu kauri a sama, ya ce za su hau. Kana tambaya ko ka biya.

Aikin yana yiwuwa, mun sha yin sa a garejinmu a Agege, kuma cikin duk haɗe-haɗen da ake yi wa manyan mashina wannan yana cikin masu sauƙi, don dukansu biyu na Suzuki ne. Amma kada ka biya kuɗin ƙafafu biyu kawai. Ko dai ka samu gaban ɗungurungum daga mashin ɗaya, ko ka haƙura.

Abin da nake nufi da ɗungurungum shi ne ƙafafun biyu, da maƙalin sama da na ƙasa masu riƙe ƙafafun, tare da sandar wuya, da aksil da notinsa da 'yan zobban da ke gefen taya, da rim, da faifan birki biyu, da kalifa biyu masu damƙe faifan, da mastar birki, da hannuwa, har da madigadi. Dalili kuwa, ƙafar SV kaurinta milimita 41 ne inda maƙali ke kama ta, ta GSX-R kuwa tunda a kife take, ɓangaren mai kauri ne a sama, wajen milimita 50. Ka ga maƙalanka sun tashi daga aiki ke nan. Da ka canza maƙalai, faɗin da ke tsakanin ƙafafu ya canza, rim ɗinka ba zai zauna a tsakiya ba. Aksil ɗin SV milimita 17 ne, na GSX-R na waɗannan shekarun 25. Faifan birkin SV 290 ne, na GSX-R600 na 2004 da 2005 kuwa 300, daga 2006 ya koma 310. Kowane abu yana jawo ɗan'uwansa. Wanda ya sayi ƙafafu yau ya ce zai tsinci sauran a hankali, shi ne za ka ga mashin ɗinsa ya shekara a kan katako an lulluɓe shi da tamfol, ya samo rim na wata shekara, kalifa na wata, kullum yana hanyar wurin mai tana, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, a yanko masa zobe. In ya tara abin da ya kashe, ya ninka kuɗin gaba sukutum.

A wuya ka yi sa'a. SV na 2003 zuwa sama boris ɗin wuyansa iri ɗaya ne da na GSX-R, sama da ƙasa, ramin ciki 30, faɗin waje 55, kauri 17. Sandar tana shiga ba tare da an taɓa komai ba. Masu tsohon SV na 1999 zuwa 2002 su ne boris ɗinsu na sama ya fi ƙanƙanta, sai sun nemi na musamman, irin wanda kamfanin All Balls ke yi don haɗa gaban wani mashin da wani. Duk da haka ka sa ma'auni ka auna da hannunka kafin ka ba da kuɗi, don ba kowane abin da aka rubuta wa GSX-R da alli ba ne GSX-R. Kuma ka sa sabon boris, ka cika shi da girisi mai jure ruwa. Daminar garin nan ba ta raga wa boris ɗin ƙasa.

A nan zan roƙe ka abu ɗaya: kada ka yarda kowa ya kai walda kusa da sandar wuya. An taɓa kawo mana wani Honda da aka ɗora wa gaban Yamaha, mai shi yana kukan wai kan yana ƙara idan ya taka birki. Da muka zare sandar muka goge girisin, sai ga shi an yanka ta an ƙara tsawo an yi walda, an goge da giranda har yana ƙyalli. A gefen waldar akwai wani siririn layi ja-ja na tsatsa da ya zagaye kusan rabin sandar. Tsagewa ce, ruwa ya riga ya shiga. Mutumin nan kullum yana hawa gadar Third Mainland da shi, wani lokaci da matarsa a baya. Ya daɗe yana kallon ƙarfen bai ce komai ba. Idan sanda ba ta dace ba, da injin matsi ake fitar da ita daga maƙalin ƙasa, mai tana ya sassaƙa wata daga ƙarfe guda, a matsa ta ciki. Kai ba ka ma buƙatar wannan, na faɗa ne don sauran 'yan'uwa masu wasu mashinan.

Inda na fi so ka natsu shi ne tsawo, don nan ne mutane ke yin sake. Ƙafafun GSX-R sun fi na SV gajarta. Kafin ka kwance komai, ka ɗaga gaban mashin ɗinka taya ta bar ƙasa, ka auna daga tsakiyar aksil zuwa saman maƙalin sama, a ƙafar da ta fi miƙewa. Ka rubuta. Ka je ka yi wa waɗancan irin wannan awon. Bambancin da ka samu shi ne yadda gaban mashin ɗinka zai duƙa.

Ga abin da ya sa yake da muhimmanci. Idan ka ja layi ta cikin wuyan mashin har ya taɓa ƙasa, zai sauka ne a gaban inda taya ke taka ƙasa. Wannan 'yar tazarar, a SV wajen milimita 100 ce, ita ke sa kan mashin ya miƙe da kansa bayan ka fito daga kwana ko ka taka wani abu. Wuyan SV a kishingiɗe yake da digiri 25. A mashin mai tsawon naka, duk milimita 25 da gaba ya sauka, wuyan ya miƙe da kusan digiri ɗaya, tazarar nan kuma ta ragu da wajen milimita 6. A takarda kamar ba komai. A hanya kuwa za ka ji kan ya yi sauƙi, yana faɗawa kwana tun kafin ka nema, abin har ya yi maka daɗi ranar farko. Sai ran da ka taka mahaɗin ƙarfen nan na kan gada da gudu, gaba ya yi sama-sama ya dawo, hannuwa su fara kaɗawa hagu da dama. Ba banza ba GSX-R ke fitowa daga kamfani da damfa a wuya, wato abin da ke rage kaɗawar hannuwa. SV ba shi da ita, don bai buƙace ta da tsayinsa na asali ba.

Akwai abin da ke rage wannan. Tayar gaban SV 120/60 ce a rim 17, ta GSX-R kuwa 120/70. Gefen ta biyun ya fi tsawo da milimita 12, wato ta mayar maka da wani abu daga tsayin da ka rasa. Don haka ka tsaya a kan 120/70, kada wani ya ce ka mayar da tsohuwar tayarka don ba ta cinye ba. Sannan ka sauke ƙafafun a cikin maƙali iya yadda za su sauka, murfinsu ya yi daidai da saman maƙali. Idan hannuwa na saman maƙali kake so, ka sani suna cin tsawon ƙafa, kuma kai ba ka da rarar da za ka bayar.

Bayan an ɗaura, kafin a kunna inji, akwai gwajin da ba na tsallakewa. A kwance murfin ƙafafun daga sama yadda sifirin ba zai riƙe ba, a danna gaban har ƙarshe, a juya kai dama da hagu. Injin SV silinda biyu ne, na gaban kuwa a kwance yake yana kallon taya, ga lagireto a samansa. Ka zura yatsu ka ji ko taya ko madigadi na taɓa wani abu. Idan ta taɓa a gareji, to a hanya za ta taɓa ne daidai lokacin da ka damƙe birki don ɗan danfo ya tsaya maka ba sigina. Ka duba ƙasa ma, bututun salansa da filtar mai sun matso kusa da ƙasa, ga tudun rage gudu a kowane lungu na unguwanninmu. Jak ɗin gefe shi ma zai sa mashin ya tsaya a miƙe fiye da da, ka lura inda kake ajiye shi.

Sai duba kayan kansu. Mu faɗa wa juna gaskiya, gaban mashin ɗin tsere ba ya rabuwa da gangar jikinsa haka kawai. Da yawa daga kayan tokumbo daga mashinan da suka yi haɗari a Turai ko Amurka aka ciro su, kuma gaba shi ke fara shan duka. Lanƙwasa kaɗan ido ba ya ganinta. Ka sassauta kusoshin maƙalai, ka tura ƙafa ta ratsa na ƙasa, ka gani ko za ta shiga na sama salin-alin ko sai an murɗa. Ka zura aksil da hannu, ya kamata ya wuce ƙafa ɗaya ya shiga ɗayar ba da guduma ba. Ka kifa maƙalin ƙasa ka dubi 'yan ƙahonnin da ke tsayar da juyin kai, in ɗaya ya lotsa ko ya ɓalle, an buga shi. In mai kayan ya yarda a kwance, ka mirgina bututun ciki a kan gilashi mai kauri, lanƙwasasshe zai riƙa ɗingishi kana gani. Ka juya rim da faifai a kan aksil ka sa ido a gefensu. Mafi ƙarancin kaurin faifai a rubuce yake a jikinsa, ka auna ka gwada.

Sannan ka bi bututun mai ƙyalli da farce. Iskar bakin teku ta Legas tana cin kurom, musamman kayan da suka daɗe a kwantena ko a rumfa. Ɗan rami ɗaya da farcenka ya maƙale a ciki ya isa ya yaga sabon sil cikin 'yan makonni. A shakazoba ta kife wannan ba ƙaramin abu ba ne, don bututun yana ƙasa inda yashi da tsakuwa ke dukansa, kuma in sil ya yage man yana gangarowa ne kai tsaye zuwa kalifa da faifan birki. Saboda haka ko sun yi kyau a ido, ka canza sil da mai kafin ka ɗaura, kuma kada ka hau ba madigadi mai kare bututun.

Ƙananan abubuwa kuma suna nan. Agogon gudun SV daga tayar gaba yake karantawa, na GSX-R daga wajen giya, saboda haka agogonka zai mutu sai an yi masa dabarar maganaɗisu da sensa a sabon rim. Mazaunin makulli da maƙalan fitila sai an gyara. Ka duba kada hannuwa su bugi tanki su matse maka babban yatsa. Idan za a gyara inda kai ke tsayawa, a yi a jikin maƙali, kada a taɓa wuyan firem, don lambar shasi a nan take, kuma ka san yadda ake ƙarewa da jami'an hanya in suka ga alamar giranda kusa da lamba. Birki kuwa ka yi amfani da mastar da ta zo da kalifan, ka sa sabon mai DOT 4, ka tabbata tiyo bai ɗame ba idan gaba ya miƙe gaba ɗaya.

In an gama, ka ɗaura 'yar igiyar roba a bututun, ka hau da kayan da ka saba hawa da su, wani ya riƙe maka. Gaba ya kamata ya nutse milimita 30 zuwa 35 daga cikakken tsawonsa. In ya wuce haka ko bai kai ba, a daidaita daga notin sama, in ya ƙi sai a canza sifirin. Kuma ka shirya, da gaba ya gyaru za ka fara jin raunin shakazobar baya, wadda da ba ka lura da ita ba.

Ni a ganina, da ƙafafunka lafiya suke da ban ba ka shawarar wannan aikin ba. An yi gaban GSX-R ne don titi mai santsi, nutsewar ƙafafunsa ba ta kai ta SV ba, hanyoyinmu kuwa ka san su. Sabon sifirin daidai nauyinka, da mai mai ɗan kauri, da ɗan bawul ɗin nan na kamfanin Race Tech da ake sakawa a ciki, suna gyara gaban SV sosai da kuɗi kaɗan. To amma naka sun lanƙwashe, kuma ban yarda da miƙar da bututun da ya riga ya yi ƙugu ba, don inda ya lanƙwashe ya yi rauni ko da ya miƙe a ido. Saboda haka ka nemi abu biyu a lokaci ɗaya, ƙafafun SV miƙaƙƙu ko gaban GSX-R cikakke. Wanda ka fara samu mai lafiya, shi za ka ɗauka. In na GSX-R ne, birkin kaɗai zai faranta maka rai, don kalifa mai fistin huɗu ba ɗaya take da mai biyun da ka saba ba. Ka bi shi a hankali a kwanakin farko, musamman in an yi ruwa.

Ka koma wurin mai kayan ka tambaye shi ina sauran gaban yake, sau da yawa yana nan a rumfar maƙwabcinsa an rarraba. Ka ɗauko hoton maƙalin ƙasa ta ciki, da lambar da ke jikin faifai, da awon tsawon nan biyu, ka turo mana. Tsofaffin kayanka kuma kada ka sayar wa 'yan gwangwan tukuna, sai an gama aikin ka yi gwajin farko da safiyar Lahadi lokacin da titi babu cunkoso.