Amsa ga Alhaji kan ruwan da injin wanke yashi yake sha

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa na wannan zaure. Alhaji, na saurari saƙonka, inda ka ce masu sayar da injin wanke yashi sun rubuto maka cewa na'urar da ke wanke tan 50 a awa tana buƙatar ruwa lita 150,000 a kowace awa, kuma kana tambaya ko rijiyar burtsatse guda za ta ɗauki wannan nauyi, ko kuwa ka haƙura da sana'ar tun kafin ka zuba kuɗinka. Babu rijiya guda a ƙasar Kano da zan ce maka ka dogara da ita don wannan adadi, amma kuma ba shi ne adadin da ya kamata ka yi lissafi da shi ba.

Lita 150,000 ɗin nan ruwan da ke zagayawa a cikin injin ne, wato kimanin lita 3,000 ga kowane tan na yashi. Idan an tsara wurin da kyau, ruwan da ya wanke yashi da safe shi ne zai sake wanke na azahar da na la'asar. Abin da rijiya za ta riƙa biya shi ne wanda ya fita daga zagayen bai dawo ba, kuma hanyoyin fitarsa sanannu ne: yana tafiya a jikin yashin da tifa ta kwashe, yana maƙalewa a cikin lakar da aka cire, rana da iska suna shan wani, ƙasa tana tsotse wani, sauran kuma ya zube a mahaɗar bututu.

Dalilin wankin gaba ɗaya shi ne raba yashi da laka, domin laka tana lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti kama ta, tana kuma sa magini ya ƙara ruwa a kwaɓi, sai bulo ko kankare ya fito ba ƙarfi. Ƙa'idar ASTM C33 ta Amurka, wadda injiniyoyi da yawa suke aiki da ita, ta iyakance abin da ke ratsa rariya mai ido maikiron 75 (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita) zuwa kashi 3 cikin 100 a yashin kankaren da zai sha gogayya, da kashi 5 a sauran kankare. Saboda haka yawan lakar da ke cikin yashinka shi ne zai yanke maka yawan ruwan da za ka riƙa asara, fiye da girman injin ma.

Bari mu yi lissafi da misali, a ɗauka cewa yashin da kake haƙowa yana da laka kashi 10 cikin 100. A cikin tan 50 za ka fitar da tan 45 na yashi mai kyau da tan 5 na laka a kowace awa. Yashin da ya sauko daga rariya mai jijjiga, wadda ke tsane ruwa, yakan fito da danshi kashi 12 zuwa 15 cikin 100, wato lita 6,000 zuwa 8,000 sun bi shi zuwa tsibi. Lakar kuwa, idan an jawo ta daga gindin tankin kwantar da laka tana da kauri irin na kunu, ƙasa kashi 40 ruwa kashi 60, to tan 5 ɗin nan ya tafi da lita 7,500. Idan aka ƙara zuba da shan rana, abin da za ka riƙa cikewa zai tsaya tsakanin lita 15,000 da 20,000 a awa. Wannan ya yi daidai da abin da kamfanonin ƙera injin wanke yashi irin su CDE na Ireland ta Arewa suke faɗa, cewa tankin kwantar da laka yana iya dawo da har kashi 90 cikin 100 na ruwan aiki. Yashin kogi da aka ɗebo da danshinsa yana ɗan rage maka wannan nauyi, na tudu kuwa busasshe yana ƙara shi.

To, a nan ne maganar rijiya ta shigo. Aikin awa 10 a rana zai ci lita 150,000 zuwa 200,000. Mafi yawan ƙasar Kano a kan dutse take zaune, ruwan ƙarƙashinta a cikin tsagogi da ruɓaɓɓen dutse yake, shi ya sa rijiyar da ke ba da lita 1 a daƙiƙa ake ganin ta yi kyau. Irin wannan rijiya, ko ta kwana tana aiki, lita 86,400 za ta tara a awa 24. Ke nan kana buƙatar rijiyoyi biyu ko uku da babban wurin tara ruwa, sannan a cika tankuna da tafkuna tun kafin ranar fara aiki. Wanda yake wajen Haɗeja ko Sakkwato, inda ƙasa ke da shimfiɗun yashi masu riƙe ruwa, lissafinsa zai iya fin wannan sauƙi.

Abin da na fi so ka tsaya a kansa shi ne yadda za a raba laka da ruwa, domin a nan masu wannan sana'a suke faɗuwa. Ƙwayar yashi tana nutsewa cikin daƙiƙoƙi, ƙurar da ta fi ta laushi tana ɗaukar awanni kafin ta sauka mita guda, mafi laushin yumɓu kuwa yana iya yin kwanaki yana yawo a cikin ruwa. Mai dogaro da tafki kaɗai dole ya haƙa uku aƙalla, ɗaya yana malala cikin ɗaya, ya sa famfo a na ƙarshe yana ɗibar ruwan da ke sama. Wannan hanya ba ta da tsada a farko, amma tana cin fili, tana buƙatar katafila ta riƙa kwashe taɓo, kuma tafki mai tsawon mita 50 da faɗin mita 40, idan rana ta sha milimita 8 a wuni a watan Afrilu, ya yi asarar lita 16,000 ba tare da an wanke ko tifa guda ba. Idan ba a daɓe gindinsa da yumɓu ko an shimfiɗa leda mai kauri ba, abin da ƙasa za ta sha zai iya zarce haka.

Tankin kwantarwa yana gajarta wannan jira ne da sinadarin folima, wanda ake damawa da ruwa mai tsabta a riƙa ɗiga shi a mashigar tankin, sai ƙwayoyin laka su dunƙule su nutse cikin mintuna, kamar yadda alif yake kwantar da ruwan randa. Ruwa mai haske ya malalo ta baki ya koma injin, wani hannun ƙarfe kuma yana juyawa a hankali a ƙasa yana tura laka zuwa mafita. Sinadarin kaɗan ake sawa, kuma yawaita shi ba ya ƙara wa ruwa haske, ɓarnar kuɗi ce kawai. Mai kula da injin ya riƙa ɗibar ruwan da ke dawowa a kwalba yana ɗagawa ga rana. Idan ya ga ya yi ja, to lakar da aka cire ce ake mayar wa yashi, kuma masu buga bulo za su gane tun kafin kai ka gane.

Akwai kuma injin matse laka, wanda ke fitar da ita a dunƙule da ruwa kusan kashi 25 cikin 100, ta yadda tan 5 ɗin nan zai tafi da lita 1,700 maimakon 7,500. A ganina, ga mai farawa da tan 50 a awa, kuma da janareta zai yi aiki, gara ya fara da tankin kwantarwa da tafkuna biyu na shanya laka, ya bar wa injin matsewa fili har kasuwa ta kama. Abin da ba zan ba ka shawararsa ba shi ne sakin jan ruwa ya koma kogi, domin yana toshe magudanan manoman rani, yana cutar da kifi, kuma daga kogunan Chalawa da Kano ne matatun ruwan birni suke ɗiba. Hukumar NESREA mai sa ido kan dokokin muhalli tana da hurumi a kan irin wannan, lasisin ɗibar yashin kuma yana ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007.

Kafin ka biya ko kwabo, Alhaji, ka ɗebo yashi daga wurare uku na filin a kai ɗakin gwaji a auna yawan lakarsa, sannan a yi wa rijiyar gwajin famfo na awa 24 a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ruwan ƙasa ya fi sauka. Ka kuma nemi masu injin su rubuta maka adadin ruwan cikewa daban da na zagayawa. Idan ka turo waɗannan alƙaluma a nan, in sha Allah za mu sake lissafin da yashinka na gaskiya. Wassalamu alaikum.