Amsa ga Hajiya kan yaron da ya amsa laifi a caji ofis

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya, yanzu na saurari muryarki kan ɗan ƙanwarki da aka kama da zargin ƙwacen waya, kika ce ya amsa laifin alhali ranar yana gida. Hajiya, wannan ba abin mamaki ba ne.

Yaro ɗan shekara 16 ya kwana a bayan kanta, ga sauro ga yunwa, sai wani babba ya ce masa, "Amsa kawai mu sallame ka." Mu kuma mun horar da su ba a musu da babba. "To" zai ce. A rubuta bayanin da Turanci, a kama babban yatsansa a dangwala. Akwai wanda na taɓa fassara wa nasa a harabar kotu, ya zaro ido ya ce, "Barista, wallahi ni sunana kawai na faɗa musu." Wani lokacin ma, ku yi haƙuri, iyaye ne ke cewa amsa a wuce wurin. Kul!

Doka tana bayansa fa. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya. Dokar tarayya ta tafiyar da shari'ar laifuka, wato ACJA ta 2015, sashe na 17, ta yi maganar ɗaukar bayani a gaban lauyansa, ko jami'in Legal Aid Council (hukumar ba marasa ƙarfi lauya kyauta), ko wanda shi ya zaɓa, a kuma kawo tafinta in ba ya jin Turanci. Kano ma ta yi irinta a 2019. Jami'in da ya dake shi don ya amsa laifi kuwa, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta ce ɗauri har shekara 25.

Tunda ya riga ya dangwala, ga abin yi. A samu lauya yau. In akwai tabo a jikinsa a ɗauki hoto. Ranar da za a miƙa takardar nan a kotu, nan take lauya ya ce tilasta shi aka yi, sai alƙali ya tsaya ya binciki yadda aka samo ta. In aka yi shiru ta shige, sai dai addu'a.

Sannan ki nemo takardar haihuwarsa ko ta firamare, don kar a rubuta masa 19 a haɗa shi da manya a gidan yari. Ki kira ni bayan Magariba, yanzu zan shiga kotu.