Jirgin Blackbird ɗinka da ya murɗe

Kai yaro, wai kana tambaya me ya sa jirgin saman Blackbird ɗin da kake haɗawa na adon bango yake murɗewa da ka gama walda, hanci ya kalli gabas jela ta kalli kudu. Zafi ne mana, sai ka ce yau ka fara riƙe holda. Fileti siriri haka ka ja masa wuta tun daga hanci har jela ba tsayawa, to da me kake jira? Ɗigo-ɗigo ake yi, ka ɗiga nan ka tsallaka can, ka bari ya huce, kuma a daddanne yake a kan tebur. Sauran kuwa ko ɗan koyon jiya ya sani.

Shi kansa jirgin na gaskiya, SR-71 da Lockheed ya ƙera wa sojan Amurka, ai da zafi ya yi ta fama. A 1976 ya yi gudun kilomita 3,529 a awa ɗaya, a 1974 kuma daga New York zuwa Landan ko awa biyu bai cika ba. In yana wannan gudu jikinsa na ƙarfen titaniyom miƙewa yake, shi ya sa da gangan aka bar 'yar tazara tsakanin farantan, har mai yake ɗiga in yana ajiye a ƙasa. Masu digiri sun ji tsoron zafi, kai ka raina shi.

Ni wallahi ko ganin jirgin nan ba na so. Shekarun baya wani Alhaji ya zo min da hotonsa a waya, wai yana son mai tsawon mita biyu a falonsa, baƙi wuluk, da fitila ta baya. Ganin babbar riga da irin motar da ya zo da ita sai na ji nauyin in ce ya ba da kafin alƙalami. Na sayi fileti da kuɗina, kwana tara ina kai, injinan nan biyu na gefe kaɗai sau uku na yanka kafin tsinin bakinsu ya zauna. Da ya zo ya zagaye shi yana ta masha Allah, ya ɗauki hoto ta ko'ina, har kwalin da na fitar da zanen ya ce in ara masa ya nuna wa Hajiya. Ni kuma sakarai na miƙa. Ba a yi wata biyu ba sai ga jirgina jere a gaban wani shago bakin titi, an yanka shi da fileti kamar gwangwanin madara. Na kira Alhajin, wai ai ni na cika tsada. Nawa yana nan bayan shago, kaji ke kwana ƙarƙashin fiffikensa.

Ku yaran yanzu burinku ku gama ku ɗora a TikTok. Ɗauko giranda ka yanke hancin nan ka sake, kuma filetin a aljihunka. Shi mai aikin ma, ya ba ka rabin kuɗin ko shi ma babbar riga ya nuna maka?