Ruwa na kwanciya a bayan kujerar motata mai naɗe rufi, in bari a shafe ta da gam?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da BMW Z4 ƙirar 2006, 'yar Kwatano, wadda na saya bara da rani. Tunda damina ta kankama, duk daren da aka yi ruwa, da safe in na taka birki sai in ji ruwa yana kaɗawa a bayan kujerata, kafet a jiƙe, ga warin ruma. Shekaranjiya rufin ya fara nawa wajen buɗewa, jiya kuma ya tsaya a rabi, da ƙyar ya rufe. Makanikena ya ce robobin ne suka mutu, in kawo ta a bi ko'ina da silikon. Hankalina a tashe yake, don an ce injin rufin nan tsada gare shi. Yaya zan yi? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, daga yau ka daina danna madannin rufin nan har sai an fitar da ruwan. A wannan ƙirar ta Z4, wadda aka yi daga 2002 zuwa 2008, injin da ke tura man haidirolik yana zaune ne a wani rami a ɓangaren hagu, can ƙasan ma'ajiyar rufi, bayan kujerar direba. Magudanar wurin na toshewa, ramin sai ya koma tafki, injin ya yi ta zama cikin ruwa har tsatsa ta cinye shi. Nawar da ka gani alamarsa ce. Mai yiwuwa bai mutu ba tukuna, amma kowace dannawa kana ƙara masa wahala.

Maganar silikon kuwa, don Allah kada ka yarda. Wannan ita ce ɓarnar da na fi cin karo da ita, kuma tushenta guda ne: mutane sun ɗauka rufin mota irin wannan kamar murfin kwano yake, wai ko ɗigo bai kamata ya wuce ba. Ba haka aka ƙera shi ba. Masu ƙirar sun san ruwa zai gangaro ta jikin tamfol ya shige tsakanin rufi da jikin mota, shi ya sa suka yi masa kwata a ciki, kwatar ta tara shi, ta zuba a rami, ramin ya sauke shi ƙasa ta gaban tayoyin baya. Kamar indararo ne a gidan ƙasa. Wanda soronsa ya fara yoyo saboda indararo ya toshe, in ya je ya cusa taɓo a bakin indararon, ai ruwan bai fasa sauka daga sama ba, hanyar fita kawai aka hana shi, sai ya nemi azara.

Abin da gam ke yi ke nan. An kawo mini motoci da aka bi duk gefen rufinsu da baƙin silikon, har ramukan da aka bari da gangan an liƙe su, mai aikin yana ganin ya gano huji. Sati biyu mai mota ya ji daɗi don ba a yi ruwa ba, ranar da hadarin Agusta ya sauko sai ya tarar da ruwa ƙarƙashin kujera. Ga wata ɓarnar: silikon mai warin tsami, irin na banɗaki da gilashi, yana fitar da asid lokacin bushewa, yana taimaka wa tsatsa a duk inda fenti ya kankare. Robar da aka shafa masa kuma ta daina lanƙwasa yadda ya kamata, rufi na naɗewa ya yage ta. Sannan ranar da za a yi gyaran gaskiya, sai an ɓata yini guda ana kankarar gam kafin a ga inda matsalar take. Abin da ke ƙona mini rai, wanda ya yi wannan aikin bai taɓa zuba ko kofi ɗaya na ruwa ya ga inda yake bi ba. Ya ga jiƙa, ya ɗauko gam, ya karɓi kuɗi. Mai sana'ar da ke tsoron Allah ba ya sa hannu a dukiyar mutum da kintace, in bai san ƙirar motar ba sai ya faɗa.

Abin da ya toshe magudanarka ba wani abin mamaki ba ne. Ƙurar hunturu ta wata uku ta taru a kwatar, ganyen darbejiya ya faɗa, ruwan farko ya kwaɓa su suka zama laka.

Ka tsotse ruwan da ya kwanta da soso ko babban sirinji mai tiyo, ka kwashe ganye da hannu. Daga nan a cire tayar baya, a janye robar da ta lulluɓe mazauninta, za a ga bakin magudanar da 'yar roba mai matsattsen baki. Nan datti ya fi cushewa. A zare ta a wanke, ka kuma kauce, don ruwa mai wari zai biyo baya. Sai a zura igiyar roba ta injin yanke ciyawa, mai kaurin milimita 2 zuwa 3, ana juyawa a hankali. In ta cije, a janyo a sake, ban da tilas. Wayar ƙarfe ko hanga tana huda hanyar, ruwa ya riƙa zuba cikin jikin mota inda ido ba ya gani. Iskar mai faci ma haka: tankinsa kan tara fiye da PSI 100 (ma'aunin ƙarfin iska), alhali taya 30 da 'yan kai take sha, irin wannan ƙarfin yana fizge tiyo daga mahaɗinsa a motocin da magudanarsu ta tiyo ce. Soda ko ruwan batir kuwa kada ma a kawo su kusa.

Bayan an gama, a zuba ruwa mai ɗumi kamar rabin lita a kowane ɓangare, hagu da dama. Ya kamata ka gan shi yana zuba a ƙasa nan take. In ɗiga yake yi, aiki bai ƙare ba. A ɗaga kafet a shanya shi sosai, domin soson da ke ƙarƙashinsa yana riƙe ruwa kwanaki, ga wayoyi suna bi ta wurin.

Injin rufin kuma dole a ciro shi a duba, tunda ya riga ya sha ruwa. In ya tashi bayan an busar da shi an wanke tsatsar, masu irin motarka da yawa suna mayar da shi cikin but don ya rabu da ramin gaba ɗaya, kuma ina goyon bayan hakan in an samu wanda ya iya. Magudanar kuma ka riƙa wanke ta sau biyu a shekara: a Afrilu ko Mayu kafin ruwa ya sauka, sannan a farkon Agusta. Ka kuma canja wurin ajiye motar in ƙarƙashin bishiya take kwana.