Tambaya da Amsa: Ta ina zan fara karatun Ubannin Ikkilisiya?

Tambaya: Na fara digiri na biyu a ilimin tauhidi, aka ba mu darasin Ubannin Ikkilisiya, wato manyan marubutan Kirista na ƙarnonin farko. Na ɗauki littafin Agustin, Birnin Allah, amma ko kwata ban ci ba na gaji. Ta ina zan ɓullo wa abin?
Wani ɗalibi daga Bukuru

Amsa: Ɗan'uwa, ka ɗauki kaya mai nauyi ba gammo. Birnin Allah littattafai 22 ne a haɗe, kuma Agustin ya rubuta shi ne domin amsa wa masu cewa barin allolin gargajiya na Romawa ne ya jawo aka washe Roma a shekarar 410. Ajiye shi tukuna.

Fara da Didake, ɗan littafin koyarwa na ikkilisiyar farko. Babi 16 ne kacal, a zama ɗaya za ka gama. Duba babi na 7 ka ga yadda yake koyar da baftisma: a yi a ruwa mai gudu, in babu a yi da wani ruwan, in ba mai sanyi a yi da mai ɗumi, in duk ya faskara a zuba ruwa a kai sau uku. Nan za ka ji muryar ikkilisiya tana warware matsalar yau da kullum. Daga nan sai wasiƙar Kilimas na Roma zuwa Korinti, wajen shekarar 96, sai wasiƙun Ignatiyus na Antakiya.

A kan Ignatiyus ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Wasiƙu bakwai ne masana suka amince nasa ne. Akwai kuma doguwar siga da aka yi wa ƙari a ƙarni na 4, kuma tsohuwar fassarar Turanci ta ƙarni na 19, wadda ake samu kyauta a intanet, ta buga sigogin biyu tare. In ka ɗauko magana daga doguwar, ka sa masa a baki abin da bai faɗa ba, mai duba kundinka kuwa zai gane.

Sai lambobin Zabura. Marubutan nan da fassarar Helenanci ta Tsohon Alkawari suka yi aiki, ko ta Latin da aka ciro daga gare ta. Idan Agustin ya ce Zabura 50, ta 51 ce a Littafi Mai Tsarki na hannunka. Kada ka ɗauka kuskure ya yi.

Shafi goma a rana ya isa. Kafin ka karanta kowane rubutu, rubuta a gefe: wa yake yi wa magana, da wa yake jayayya? Wajen kafa hujja kuma ka ambaci littafi da babi da sashe, domin lambar shafi tana canzawa daga bugu zuwa bugu.

Zango na biyu ka karanta Atanasiyus na Iskandariya a kan zaman Kalma mutum, wato yadda Almasihu ya zama mutum, sannan ka koma wa Agustin ta ƙofar littafinsa na furta zunubai, littattafai tara na farko.