Ku Tambaya Mu Amsa: Wanke Daɓen Kankare da Injin Feshin Ruwa

A wannan fitowa yawancin wasiƙun da suka iso mana a kan wanke farfajiyar shaguna, gidajen mai da hanyar masu tafiya a ƙafa suke. Mun zaɓi biyar.

Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da wani rukunin shaguna. Na ɗauko yara masu wankin mota suka wanke mana daɓen gaban shagunan da injinsu. Da ya bushe sai ga zane-zane ko'ina, wani wurin ma tsakuwa ta fito fili. Me ya jawo haka, kuma zai gyaru? Daga Kano.

Wa alaikumus salam. Malam, abin da ya faru shi ne ruwan ya ci fuskar kankaren. Idan magini ya shafe daɓe, akwai wani siririn siminti mai laushi da ke hawa sama ya rufe yashi da tsakuwa. Kaurinsa bai wuce 'yan milimita ba, kuma shi ne ke ba daɓen santsi da kyan gani. In ruwa mai ƙarfi ya kankare shi, ya tafi ke nan. Inda tsakuwa ta fito, wanki ba zai mayar da shi ba, sai dai magini ya sake shafe wurin da simintin gyara.

Yawanci laifin bakin feshin ne. Ana bambanta bakunan da launi, kowane launi da faɗin buɗewar ruwansa: ja digiri 0 ne, ruwan ɗorawa 15, kore 25, fari 40, baƙi kuma na zuba sabulu ne. Jan nan yana tattara dukan ƙarfin injin a ɗigo ɗaya, yana iya rubutu a jikin kankare, kuma ba shi da wani aiki a wankin daɓe. Kore ne na aikin yau da kullum. A riƙe shi nesa da ƙasa kamar santimita 25 zuwa 30, a ɗan karkace, kada a tsaya wuri ɗaya, kuma kowane layi ya hau kan rabin wanda ya gabace shi. Kafin a shiga tsakiyar fili a gwada a wani lungu da ido bai cika kaiwa ba.

Zanen da bai ci kankare ba kuwa, wato wani layi fari wani layi duhu, rashin daidaiton hannu ne. Babu mai iya riƙe bindigar feshi a nisa ɗaya na tsawon awa guda. Don haka masu wannan sana'a ke amfani da faifan wanki, wani murfi mai da'ira wanda a ƙarƙashinsa akwai sanda mai bakuna biyu da ke juyawa, ana tura shi a hankali a kan daɓen. Shi ma yana barin zane in aka yi sauri, ko in baki ɗaya ya toshe, ko in faifan ya fi ƙarfin injin. Ƙa'idar masu aikin ita ce santimita 10 na faɗin faifai ga kowace lita 4 da injin ke fitarwa a minti. Injin lita 15 ke nan faifan kusan santimita 40 ya dace da shi.

Ga yadda ya kamata a sake wanke naku. A fara da shara sosai, domin ƙurar hunturu in ta jiƙe taɓo take zama. A jiƙa daɓen, a zuba ruwan sabulu, a bar shi minti 10 ba tare da ya bushe ba, shi ya sa sassafe ko bayan la'asar ya fi tsakar rana. A bi da faifai ta gicciyen tsohon zanen, a wanke gefe da lungu da koren baki, sannan a ɗauraye daga tudu zuwa gangare.

Muna da garejin gyaran motoci kusa da gidan mai. Baƙin mai ya kama simintin wurin, mun sa inji har sau uku amma kwana biyu sai tabon ya dawo. Daga Kaduna.

Kankare yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma man ya riga ya nutse ciki. Ruwan sanyi yana ɗauke na sama ne kawai, wani lokacin ma ya ƙara tura sauran ƙasa. In rana ta buga, wanda ke ciki ya sake tasowa. Ƙara wa inji ƙarfi ba ya maganin wannan ko kaɗan. Abin da ke fitar da mai shi ne sinadari, zafi da haƙuri.

Idan man sabo ne, kada a taɓa shi da ruwa tukuna. A zuba dusar katako ko busasshen yashi, a murza da ƙafa, a bar shi ya kwana, a share. Sannan a zuba maganin narkar da maiƙo a kan busasshen daɓe, a goge da burushi mai tauri, a bar shi minti 15, a wanke. In akwai inji mai dafa ruwa, zafin digiri 80 zuwa 90 yana sassauta mai ƙwarai. In babu, tafasasshen ruwa a bokiti kafin a sa inji yana taimakawa. Wannan zafin ne kuma maganin cingam da ya manne a gaban shaguna, wanda mutane ke rarake kankare da jan baki wajen cire shi.

Tsohon tabo yana bukatar a jawo shi daga ciki. A kwaɓa farar ƙasa ko toka da maganin maiƙon har ya yi kauri, a shafa kamar santimita 1 a kan tabon, a rufe da leda kwana ɗaya, a buɗe a bar shi ya bushe ƙarau, a kankare. Yayin bushewar ne yake tsotso man. Ana iya maimaitawa sau biyu ko uku, kuma gaskiyar magana tabon shekaru yakan bar inuwa.

Mutane da yawa suna dogara da soda. Soda tana aiki sosai a kan manja, man gyaɗa da kitsen gaban gidan abinci ko teburin mai tsire, saboda tana mayar da su sabulu. Baƙin mai na ƙarƙashin ƙasa ne, ba ya zama sabulu, don haka soda ita kaɗai ba ta isa. Mai amfani da ita ya sa giram 200 zuwa 300 a lita 10, ya zuba sodar cikin ruwa, ba ruwa a kan soda ba, da safar roba da tabarau. Tana cin alminiyam da fenti, a kiyaye ƙofofin shago.

Tun da kuna maƙwabtaka da gidan mai, kada ku wanke tabo da fetur ko kananzir, kuma inji mai dafa ruwa yana da wuta a cikinsa, ya tsaya nesa da famfunan mai. Ruwan wankin kuma kada a sake shi cikin lambatu. A tare shi da buhunan yashi, a tsotse man da dusa a kwashe. A Amurka dokar tsaftar ruwa ta 1972 ce ta sa ba a yarda a zuba irin wannan ruwa a magudanar ruwan sama ba. A unguwanninmu lambatun nan ta ƙofar gidajen mutane yake bi, wani wurin ma kusa da rijiyoyinsu.

Ina son in fara wannan sana'a ta wanke farfajiyar bankuna da manyan shaguna. Wane inji zan saya? Na ga wasu an rubuta PSI mai yawa kuma da araha. Daga Jos.

Madalla da wannan niyya. Kada lambar PSI, wato ma'aunin ƙarfin matsin ruwa, ta ruɗe ka, ka fara duba lita nawa injin ke fitarwa a minti. Matsin ruwa yana ɓamɓare datti, amma yawan ruwa ne ke kwashe shi, kuma shi ke nuna ko za ka gama fili a awa biyu ko a yini. Ƙananan injinan lantarki irin Kärcher K2 suna ba da matsin kusan bar 110 (bar shi ma ma'aunin matsi ne) da lita 6 a minti. Sun isa wanke mota da baranda, ba su isa farfajiyar banki ba. Na sana'a shi ne PSI 3000 zuwa 4000, wato bar 200 zuwa 275, da lita 15 a minti. Irin wannan yana bukatar injin fetur mai ƙarfin doki 13, kamar Honda GX390, da famfo mai fistin uku, wanda ake iya canja masa roba da bawul in ya lalace.

Ka yi lissafin ruwa tun yanzu. Lita 15 a minti lita 900 ke nan a awa, tankin lita 1000 zai kai ka awa ɗaya da 'yan mintoci. Ka sa kuɗin ruwa cikin farashinka.

Abubuwa uku ne ke kashe famfo. Na farko ƙarancin ruwa: in tiyon shiga ya yi siriri, ya lanƙwashe ko yana shan iska, za ka ji bindigar tana fizga, famfon yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a ciki. Ka kashe nan take. Na biyu yashin rijiyar burtsatse, wanda ke cinye roba da bakin feshi, don haka ka sa matata a bakin tanki ka riƙa wanke ta kullum. Na uku barin inji yana aiki ba a matsa kunamar bindiga ba. Ruwan yana ta zagaye cikin famfo yana zafi har ya ƙone robobin. In za ka dakata fiye da minti 2, ka kashe. Man famfo daban yake da man inji, a canja shi bayan awa 50 na farko.

Kuma don Allah ka sa takalmin roba mai rufe ƙafa, ba silifas ba. Ruwan nan yana huda fata ya shigar da datti cikin nama. Raunin yakan yi kama da ƙarami, amma na zuwa asibiti ne a take. Kada ka tayar da injin fetur a rufaffen wuri kamar wurin ajiye motoci na ƙasa, hayaƙinsa yana kisa.

Ina da makarantar yara. Duk damina hanyar shiga tana yin kore da santsi. Muna wankewa, bayan sati uku ta dawo. Daga Zariya.

Hajiya, gansakuka abu ne mai rai, ruwa yana aske ta ne kawai ya bar tushenta. A haɗa bilic na gida, irin mai kashi 3.5 cikin ɗari, da ruwa daidai wa daida, a zuba bayan an jiƙa shuke-shuken gefe da ruwa zalla, a bar shi minti 10 zuwa 15, a wanke da farin baki ko kore. A yi ranar da yara ba sa nan. Kada a taɓa haɗa bilic da asid ko da maganin wankin masai, iskar da ke fita guba ce. Sannan a duba dalilin da ya sa wurin ba ya bushewa. In indararo ne ke zuba a kai, ko reshen bishiya ya hana rana, ko ruwa na kwanciya, sai an gyara wannan.

Bayan an wanke intalok ɗin gaban otal ɗinmu, duwatsun sun fara motsi. Akwai kuma jan tabo a ƙarƙashin tankin ƙarfe. Daga Maraɗi.

Alhaji, yashin da ke tsakanin duwatsun shi ke riƙe su, kuma ruwan ya fitar da shi. A bari wurin ya bushe sarai, a zuba busasshen yashi mai laushi wanda aka tankaɗe, a share shi cikin tsagogin har su cika, a bi da injin daddaɓe ƙasa, a ƙara yashi. Nan gaba a rage matsi, kuma kada a saita ruwan kai tsaye cikin tsaga.

Jan tabon tsatsa ce, kuma bilic ƙara kama ta yake yi. Maganinta asid ɗin okzalik: giram 60 zuwa 100 a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, minti 10, a goge, a ɗauraye da ruwa mai yawa. Ku guji asid mai ƙarfi irin wanda masu tayil ke amfani da shi, yana cin siminti ya kuma kashe launin intalok. A ɗaga tankin a kan katako ko roba, in ba haka ba tabon zai dawo da ruwan farko. In kuma za ku zuba sabon kankare a ƙarƙashinsa, kada inji ya taɓa shi sai ya cika aƙalla kwana 28.