Ƙanena, ba kwamfutarka ba ce

Salamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da hayaniya, ina cikin trotro ne daga Kejetia a Kumasi. Ƙanena, na ji muryarka. Ka ce lissafinka na yadda datti ke bin rafin Aboabo yana tafiya lafiya lau, da ka ƙara matse ragar, wato ɗigogin da ka yanka rafin a kansu don lissafi, sai lambobi suka haukace, NaN ("ba lamba ba") ko'ina, wai ko sabuwar kwamfuta za ka saya. Kar ka ɓata sidinka.

Ka taɓa tsayawa ka ga an zuba ruwan rini a kwata? Ruwa na jan sa gaba, shi kuma yana bazuwa gefe da gefe. Wannan bazuwar ce ke cin ka. Da Euler na eksfilisit, wato hanyar da ke lissafa taku na gaba kai tsaye daga na yanzu, takun lokacinka ba zai wuce Δx² a raba da D sau biyu ba, inda Δx shi ne tazarar ɗigogin raga, D kuma ƙarfin bazuwa. Ɗauki D ɗaya, Δx 0.01, takunka 0.00005 ke nan, taku 20,000 kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Ka raba Δx biyu, aikin ya ninka huɗu. A'a, tsaya, takwas ne, tunda ɗigogin ma sun ninka. Kai kuwa ka matse raga ka bar takun yadda yake, dole ya fashe.

Ni wallahi abin nan ya taɓa ƙona min rai. Lokacin ina karatu, wanda ke duba aikina ya kafe sai eksfilisit, wai shi ya fi sauƙin fahimta. Kwana uku inji na gudu a ɗakina a Asawase, na jingina masa fanka don kar ya yi zafi, daren na uku dumso ya ɗauke wuta. Ko fayil ɗaya ban tsira da shi ba. Na koma masa, ya ce in sake. In sake! Har yau in na tuna... to, bari dai.

Ka mayar da ɓangaren bazuwa imfilisit, wato a warware duk ɗigogin taku na gaba a tare, jan ruwan ka bar shi eksfilisit, wannan haɗin shi ne IMEX. Sharaɗin CFL na 1928 kaɗai zai rage maka, wato kar ruwa ya tsallake gidan raga fiye da ɗaya a taku guda. Matiris ɗin, wato jadawalin lambobin da imfilisit zai ba ka, layi uku ne, hanyar Thomas ta warware irinsa za ta warware shi nan da nan.

Na san wani zai ce Crank-Nicolson, hanyar da ke ɗaukar rabi eksfilisit rabi imfilisit. E, tun 1947 ake amfani da shi, ba ya fashewa. Amma dattinka a dunƙule yake shiga ruwa, da babban taku za ka ga layin yana rawa sama da ƙasa, har ya ba ka datti ƙasa da sifili. Ka fara da ƙananan taku huɗu na Euler imfilisit kafin ka koma kan Crank-Nicolson, ko kawai ka ɗauki BDF2, wata hanyar imfilisit mai danne rawar.

In rawar ba ta daina ba, duba lambar Péclet ta gidan raga, wato saurin ruwa sau Δx a raba da D. In ta haura 2, laifin ba na lokaci ba ne, ka koma ɗaukar bambanci daga inda ruwa ke zuwa. Turo min D ɗinka da saurin ruwan bayan isha'i, na iso tasha zan sauka.